Kabarin Macquarie da tsibirin kakanninsa

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, ya kai shekara ashirin yana zaune a Gilasgo ta Sikotlan, kuma duk wanda ya san shi ya san mutum ne mai son bin asali, in ka gaya masa sunanka sai ya tambaye ka ɗan wane ne kai, wa ya haifi wanen, daga ina suka taso. To lokacin da 'yarsa ta samu gurbin karatu a Jami'ar Macquarie da ke Sidni ta Ostireliya, abin da ya fara tambaya shi ne wannan sunan na wane ne. Da ya bincika sai ya tarar mai sunan, Lachlan Macquarie, tsohon gwamna ne a Ostireliya kuma ɗan Sikotlan, kuma kabarinsa yana nan a tsibirin Mull, tafiyar yini ɗaya daga ƙofar gidansa. Ni kuma na zo masa hutu a watan Yuni, sai kawai ya ce, "Ɗana shirya, jibi za mu je mu ga inda aka binne mutumin nan." Haka tafiyar ta samo asali.

Bayan asuba muka ɗauki hanya, kuma asubar can a wannan lokacin wajen ƙarfe uku ne, gari yana wayewa tun mutum bai gama juyi ba. Matar Kawu ta cika mana fulas da shayi mai citta, ta zuba dambun nama a roba. Muka bi gefen tafkin Lomond, muka wuce Crianlarich da Tyndrum, kimanin awa biyu da rabi muna Oban. Nan aka shigar da motarmu cikin jirgin ruwa, ita da manyan motocin kaya da na 'yan yawon buɗe ido duk a ciki ɗaya, mu kuma muka hau sama muka tsaya a waje duk da iskar tana yanka fuska. Tsallakawa zuwa Craignure bai cika awa ɗaya ba. A hanya akwai wata farar hasumiyar fitila a bakin tsibirin Lismore, sai kuma tsohuwar fadar Duart ta dangin Maclean zaune a kan dutse. Kawu ya nuna min wajen arewa ya ce can bayan Lismore yankin Appin yake, garinsu matar Macquarie ta biyu, ya ce in riƙe sunan zan sake jin sa.

Daga Craignure muka miƙa zuwa Salen, ɗan ƙauye ne a bakin ruwa wanda shi Macquarie ɗin ake dangantawa da kafa shi, daga nan muka karya hagu muka shiga wata siririyar hanya da mota ɗaya kawai take ɗauka, in kun haɗu da wani sai ɗaya ya raɓe a ɗan wurin da aka faɗaɗa, kowa ya ɗaga wa kowa hannu. Tumaki kwance a kan kwalta ba ruwansu da hon. Ba a jima ba sai ga allon Gruline. Muka ajiye mota a bakin hanya muka taka da ƙafa cikin itatuwa.

Gaskiya ban zaci abin ƙarami ne haka ba. Ɗan gini ne na dutse kamar ɗaki guda, an kewaye shi da katanga, ciyawa an aske ta tsaf, ba kowa a wurin sai mu biyu da kukan tsuntsaye, sai wasu ƙananan ƙwari masu kama da ƙura da suka dinga cizonmu a wuya da bayan kunne. Inda ya kamata a ce ƙofofi ne an toshe da allunan dutse masu rubutu, ɗaya nasa, ɗaya na iyalinsa. Nasa dogon rubutu ne na yabo, kuma a nan aka kira shi Uban Ostireliya. Kawu ya sa tabarau ya karanta tun daga sama har ƙasa a hankali, sannan ya zagaya ɗaya gefen ya ƙirga da yatsa, Elizabeth matarsa, Jane 'yarsa, Lachlan ɗansa. Ya ce min, "Ka ga duk zuri'ar ke nan, mutum huɗu, ɗaki ɗaya ya cinye su." Hukumar adana kayan tarihi ta Ostireliya ce take da alhakin wurin, takwararta ta Sikotlan ke kula mata da shi.

A kan katangar muka zauna muka buɗe fulas, Kawu ya fito da takardun da ya yi ta rubutu a kansu, ya fara jero min asalin mutumin yadda yake jero na gidanmu.

An haifi Lachlan Macquarie ranar 31 ga Janairu 1762 a tsibirin Ulva, wanda ke manne da Mull ta yamma. Danginsu ana ce musu MacQuarrie, a harshensu na Gelik ma'anarsa 'ya'yan Guaire, kuma a labarin da suke bayarwa na kaka da kakanni jininsu yana komawa ga wani tsohon sarki mai suna Alpin. Sun daɗe ƙwarai suna riƙe da Ulva, ɗaruruwan shekaru. Amma fa mahaifinsa, shi ma Lachlan sunansa, ba mai hali ba ne, kafinta ne kuma mai aikin niƙa, ɗan uwan shugaban dangin ne dai kawai. Ta wajen uwa ne yake da ƙarfi, domin mahaifiyarsa Margaret 'yar'uwar Murdoch Maclaine ce, wanda ya zama shugaban gidan Lochbuie a kudancin Mull. Uban ya rasu yaron yana ƙarami, kawun nan Murdoch shi ya ɗauki nauyinsa. Da Kawu ya zo nan sai ya dube ni ya ce, "Ka ji ko, ko a nan ma ɗan 'yar'uwa na kawunsa ne."

Shekarar 1777 ita ce ta fi tsaya min a rai. A shekarar ne bashi ya ci ƙarfin shugaban dangin na ƙarshe ya sayar da Ulva, tsoho da shi ya shiga soja don ya samu abin da zai ci, kuma ya yi tsawon rai har 1818, ya haura shekara ɗari ba shi da ko taƙi a ƙasar kakanninsa. A wannan shekarar dai yaron nan Lachlan, yana ɗan sha biyar, ya samu ƙaramin muƙamin hafsa a runduna ta 84 lokacin yaƙin neman 'yancin Amurka. Wato shekarar da ya zama hafsa ita ce shekarar da gidansu ya rushe. Ni a ganina duk abin da ya yi bayan nan, da mai kyau da mummuna, akwai wannan a ƙarƙashinsa, mutum ne da ya tashi da niyyar sai ya dawo da ƙasa da suna ga danginsa ko ta halin ƙaƙa.

Ya yi aiki a Nova Scotia da Jamaika, ya dawo gida a 1784 ana biyansa rabin albashi, ya zauna yana noma da mahaifiyarsa a Oskamull. A 1787 ya shiga runduna ta 77, aka tura su Indiya, ya sauka Bombai a 1788. Can ya yi arziki. Ya auri Jane Jarvis a 1793, 'yar tsohon babban alƙalin tsibirin Antigua, gidan masu kuɗi. Auren bai yi nisa ba tarin fuka ya kama ta, ya kai ta har Macao ko canjin iska zai taimaka, ta rasu a can a watan Yulin 1796, ba su haihu ba. Ya ɗauko gawarta a jirgin ruwa ya dawo da ita Bombai ya binne. Ta bar masa gadon fam 6,000. A 1799 yana cikin sojojin da suka ci Seringapatam, inda aka kashe Tipu Sultan, Musulmin sarkin Mysore, kuma rabonsa na ganimar ya kai fam 1,300. A 1801 yana Masar ana korar sojojin Faransa. To kuɗin matar nan da ganimar Indiya su ya tattara ya sayi fili a Mull, kusan eka dubu goma daga ƙasar kawunsa, ya raɗa wa wurin Jarvisfield don tunawa da matar. Wannan ƙasar da muke zaune a kai muna shan shayi ke nan. Da na gane haka sai da na sake kallon ciyawar da ke ƙarƙashin ƙafata.

Akwai wani mutum da ban ga sunansa a allunan ba, kuma shi ne Kawu ya fi daɗewa a kansa. A 1795 a garin Cochin na Indiya, Macquarie ya sayi yara bayi guda biyu a kan rufi 170 na kuɗin Indiya. Ɗaya ya sa masa suna George Jarvis. Yaron nan ya tashi a hannunsa, ya zama baransa, ya bi shi duk inda ya je har Sidni, ya yi aure a can, ya biyo shi Mull, kuma ya rasu a tsibirin nan wata shida bayan ubangidansa. Kawu ya ce, "Ɗana, yaron nan fa yana da uwa da uba, yana da sunan da aka raɗa masa, yanzu ga shi an laƙaba masa sunan gidan matar wanda ya saye shi." Ya yi shiru. Ga mutumin da duk rayuwarsa tambayar ɗan wane ne kai yake yi, na ga abin ya taɓa shi sosai.

A 1804 kawun nasa Murdoch ya kwanta ciwon ajali, Macquarie ya zo jinya, a nan ya haɗu da Elizabeth Campbell ta gidan Airds da ke Appin, 'yar dangi ce ta nesa. Sai 1807 aka ɗaura aure, bayan ya dawo daga Indiya ta ƙasa, ta Bagadaza da Farisa da Rasha. 'Yarsu ta fari suka sa mata Jane, sunan marigayiyar, ta rasu tana jaririya a 1808.

Zuwansa Ostireliya kusan tsautsayi ne. A 1808 hafsoshin sojan da ke Sidni, waɗanda suka mamaye cinikin giya, suka hamɓarar da gwamna William Bligh. Landan ta shirya tura runduna ta 73 wadda Macquarie ke jagoranta tare da sabon gwamna, sai wanda aka zaɓa ya janye saboda rashin lafiya, Macquarie ya nemi kujerar aka ba shi. Ya kama aiki ranar 1 ga Janairu 1810, ya yi shekara goma sha biyu. Wurin a lokacin gidan yari ne kawai mai faɗi, inda Ingila ke jibge fursunoninta. Ya gina hanyoyi da asibiti da barikoki, a zamaninsa aka fasa hanya ta tsallaka duwatsun Blue Mountains aka kafa Bathurst a 1815, aka buɗe banki na farko a 1817. Da ya ga babu kuɗin kashewa a gari sai ya sa aka huda tsakiyar dalar Sifaniya guda 40,000, kowace ta zama kuɗi biyu, mai huji da ɗan ƙwayar da aka cire, don kada 'yan kasuwa su fice da su. Shi ne kuma ya fara amfani da sunan Ostireliya a wasiƙun gwamnati.

Abin da ya fi burge ni da shi, kuma zan faɗa tsakani da Allah, shi ne yadda ya ɗauki fursunan da ya gama wa'adinsa a matsayin cikakken mutum. Francis Greenway da aka kawo saboda jabun takarda shi ya mayar mai zanen gine-ginen gwamnati. William Redfern, likitan da aka kawo saboda tawayen sojan ruwa, ya zama likitan gidansa. Wasu ya naɗa su alƙalai, ya zaunar da su a teburinsa suka ci abinci tare, manyan gari masu filaye suka yi ta jin haushi suna kai ƙararsa Landan. Ina ganin ɗan kafinta ne da ya san zafin raini, shi ya sa.

Sai Kawu ya ce, "To yanzu ga Appin ɗin da na ce ka riƙe." Macquarie ya sa wa wani yanki kudu da Sidni suna Appin don girmama garin matarsa. Ƙasar kuwa tana da masu ita, mutanen Dharawal da Gandangara, dubban shekaru suna nan. Da gonakin Turawa suka ci wuraren abincinsu, ga fari, rikici ya tashi aka kashe mutane ta kowane ɓangare. A watan Afrilun 1816 gwamnan ya tura sojoji da umarni a rubuce, cewa wanda ya ƙi miƙa wuya a harbe shi, kuma a rataye gawarwakin mazan a kan itatuwa don a tsorata sauran. Cikin daren 17 ga wata sojojin Kyaftin James Wallis suka afka wa wani zango mutane suna barci, aka harbi wasu, wasu suka faɗa kwazazzabon kogin Cataract a guje. Aƙalla mutum 14 aka ƙirga, da mata da yara a ciki. An rataye gawa, an yanke kawuna, ƙoƙon kan wasunsu har Edinbara aka kawo, sai bayan shekaru masu yawa aka mayar. Wallahi da na ji wannan na tashi na koma gaban allon na sake duba kalmar Uba ɗin nan. Mutumin da aka sayar da tsibirin kakanninsa yana yaro, wanda ya san ciwon rasa ƙasa fiye da kowa, shi ne ya sa hannu a wannan takarda. Na kasa haɗa su a raina, har yanzu ma ban haɗa ba, kuma allon bai ce komai a kai ba.

Ƙarshensa bai yi daɗi ba. Landan ta turo wani mai bincike, John Thomas Bigge, a 1819, rahotonsa ya zarge shi da ɓarnar kuɗi a gine-gine da sassauta wa fursunoni. Ya bar Sidni a Fabrairun 1822, ya dawo ya tarar gidan Gruline ya lalace da danshi, ƙasar kuma ba ta kawo abin kirki. Ya tafi Landan neman fansho da wanke sunansa, aka amince masa da fam 1,000 a shekara, amma ya rasu a can ranar 1 ga Yuli 1824 kafin ya ci moriyarsa. Aka kawo gawar nan ta ruwa. Kawu ya ce a wannan shekarar ce wani ɗan Sikotlan ɗin, Hugh Clapperton, ya isa Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Bello, ya ce in duba yadda ƙaramar ƙasa mai sanyi ta watsa 'ya'yanta ko'ina a lokaci guda.

Magajin fa? Elizabeth ta yi ɓari sau da dama kafin ta haifi Lachlan ƙarami a Sidni ranar 28 ga Maris 1814, uban yana da shekara 52, aka ɗauki son duniya aka ɗora masa. Ita ta rasu a 1835. Yaron ya shiga soja, ya faɗa shaye-shaye da bashi, ya yi aure bai haihu ba, a 1845 ya faɗo daga matakalar bene a fadar Craignish ya mutu yana da shekara 31. Ƙasar Jarvisfield ta tafi hannun abokinsa da yake binsa bashi. Shi ke nan, tsatson ya yanke a kan ɗa ɗaya. A can kuwa Ostireliya sunan yana kan jami'a da banki da titi da kogi da tafki da tashar ruwa.

Mun kwana a Salen. Magariba sai wajen ƙarfe goma na dare, kuma har muka kwanta sama ba ta yi duhu sosai ba.

Washegari muka bi gefen mashigin tekun Loch na Keal, dutsen Ben More a hagunmu ya lulluɓe kansa da gajimare, muka wuce Oskamull inda uwarsa ta yi noma, har bakin mashigar Ulva. Ba a shiga da mota. Akwai wani ɗan allo a jikin bango, sai ka ja murfinsa jan fenti ya bayyana, mai kwale-kwale ya hango daga tsallake ya zo ya ɗauke ka. Kawu ne ya ja. Minti biyu bai cika ba mun tsallake.

Muka nufi Ormaig ta gefen kudu, inda aka ce nan aka haife shi, tafiya ce mai ɗan nisa a ƙafa kuma Kawu gwiwarsa tana damunsa, don haka muna yi muna hutawa. Ba abin da ke wurin sai kufai. Bangayen dutse da ba su wuce ƙirjina ba, ba rufi, ciyawa mai tsayi ta cika ɗakunan, ka ga gurbin ƙofa ka ga inda murhu yake. Na shiga ɗaya na miƙa hannuwana, saura kaɗan in taɓa bango biyu. Gaba kuma teku ce shimfiɗe da ƙananan tsibirai. Ƙanin Macquarie, Charles, ya taɓa sayo Ulva ya dawo da ita hannun dangin a 1825, amma shekara goma kawai ta yi, da ya rasu aka sake sayarwa ga wani lauya, Francis William Clark. A lokacin mutanen tsibirin sun kai 600, suna ƙona ciyawar teku suna sayar da tokar ga masu yin sabulu da gilashi. Kasuwar tokar ta faɗi, cutar dankali ta zo a 1846, sai mai ƙasar ya shiga korar mutane yana cire rufin gidaje don ya zuba tumaki, kafin 1851 saura kamar 150. Wasunsu jirgin Kanada suka hau, wasu na Ostireliya. Kakan David Livingstone, wanda ya yi yawo a Afirka, shi ma daga tsibirin nan ya tashi tun kafin wannan. Da mutanen yankin suka haɗu suka sayi Ulva a 2018, mazaunanta ba su kai goma ba.

Azahar ta same mu a nan. Muka yi alwala da ruwan wani ɗan rafi mai sanyi kamar ƙanƙara, Kawu ya duba alƙibla a waya, muka shimfiɗa rigunan ruwanmu a kan ciyawa kusa da kufan muka yi salla, muka haɗa da la'asar tunda matafiya ne. Bayan ya sallame bai tashi ba, ya ciro waya ya danna saƙon murya zuwa ga 'yarsa. Na ji yana ce mata, "Uwata, mun je mun gani, ga ni ma zaune a ƙofar gidansu. In kin samu hutu ki nemi mota ki je wani gari Appin, ba shi da nisa da ku, ki tambayi inda kogin Cataract yake, ki ɗauko min hoto." Saƙon bai tafi ba, babu sabis a wurin. Ya mayar da wayar aljihu, na kama hannunsa ya miƙe, muka juyo da sauri-sauri don kada kwale-kwalen ƙarshe ya tashi ya bar mu.